Manna Ba Ta Kwana

 Ga shi yau kuna karanta wannan takarda da idonku, ba wanda ya karanta muku. Shekara biyu da suka wuce, da yawa cikinku ko sunansu ba su iya rubutawa. In wasiƙa ta zo daga Abijan ko Legas, sai a nemo ɗan lakwal ya karanta, asirin gida ya fita waje. Yanzu wannan ya wuce. Mun gode wa Allah, mun kuma gode wa malaman yaƙi da jahilci.

To, yanzu da ka iya karatu, me za ka karanta? Ina da shawara gare ka, kai mai bin Yesu Almasihu da ke zaune a ƙasar Madawa, ko Buza, ko Keita. Ka buɗe Littafi Mai Tsarki kowace rana, ko da aya biyar ce. Kuma kada ka tsaya a Sabon Alkawari kaɗai, ka riƙa karanta Tsohon Alkawari tare da shi. A ganina wannan ɗabi'a ce za ta riƙe bangaskiyarka ranar da babu fasto kusa, babu ɗan'uwa kusa. Bari in gaya maka dalilaina, sa'an nan kai ma ka auna.

Mu kaɗan ne

Kowa ya sani, a Nijar Kirista ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Nan Adar da Majiya akwai ƙauyen da gida ɗaya ne tak na masu bi. Akwai wanda sai ya yi tafiyar rabin yini kafin ya kai majami'a. Da damina, in ƙorama ta kawo ruwa ta yanke hanya, sai mutum ya yi wata guda bai ji wa'azi ba.

Da an gama girbi kuma, samari da magidanta sun kama hanyar cin rani. Wani Abijan, wani Kano, wani wajen haƙar zinariya a arewacin Agadas, wani har Libiya. Can ba wanda ya san ka. Ba wanda zai tambaye ka ko ka yi addu'a yau. Matan da aka bari gida su ma ga nasu nauyi: daka, ɗibar ruwa, itace, reno, ga kewar mai gida.

Na san wani ɗan'uwa da ya gama ajin karatun manya da kyau, har malam yana yabonsa. Ya tafi cin rani ya yi shekara biyu. Littafinsa ya bar shi cikin akwati a gida. Da ya dawo, gara ta ci gefen littafin, haruffa kuma sun zama baƙi gare shi, sai ya yi ta in-ina a kan kalma ɗaya. Majami'a ma ya daina zuwa. Ba wanda ya tsananta masa, ba wanda ya ce ya bar bin Yesu. Abin ya mutu ne sannu sannu, kamar wutar murhu da ba a iza mata itace ba. Wannan shi ne abin da nake ji maka tsoro, domin asara biyu ce lokaci guda: karatu ya tafi, bangaskiya ta yi sanyi.

Littafin nan ya sha hannu kafin ya iso gare ka

Kada ka ɗauka littafin da ke hannunka daga sama ya faɗo da Hausa. A 1855 wani saurayi mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, ya isa Ingila tare da wani Bature matafiyi mai suna Barth. Can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, yana ba shi labarai da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Schön ya yi shekaru yana aikin fassara, har Sabon Alkawari ya fito da Hausa a 1880. Sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, bayan aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Kusan shekara 50 bayan haka aka sabunta fassarar, don ta yi daidai da Hausar da mutane ke ji.

A nan ƙasarmu, mishan SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta buɗe a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, nan bisa hanyar Madawa zuwa Ƙonni. Har yau akwai harsuna da yawa a duniya da ba su sami Littafi Mai Tsarki cikakke ba. Kai kuwa ka same shi da harshen da ka sha a nono.

Cikinsa akwai littattafai 66. Guda 39 su ne Tsohon Alkawari, waɗanda aka rubuta kafin haihuwar Yesu. Guda 27 su ne Sabon Alkawari. In ka ƙidaya surori, duka 1,189 ne: 929 a Tsoho, 260 a Sabo. Ka ga wanda ya ce shi Sabon Alkawari kaɗai zai karanta, ya bar kashi uku cikin huɗu na littafin, har da ɗoriya. Kamar mutum ne da ya gaji gonaki huɗu, ya noma ɗaya, ya bar uku suka zama saura.

Inuwa takan riga mai ita shigowa

Na san abin da wani zai ce: "Mi za ni yi da labarin mutanen da sunka mutu tun tuni? Ni dai a ba ni labarin Yesu." To, ai Tsohon Alkawari ma labarin Yesu ne. Ga yadda abin yake.

Kana zaune a zaure da yamma, rana ta yi sanyi. Sai ka ga inuwa ta faɗo bakin ƙofa. Ba ka ga mutum ba tukuna, amma ka san wani na tafe. Daga inuwar kana iya gane ko namiji ne da rawani, ko mace ce da tulu a ka. Sai dai ba ka gaisawa da inuwa, ba ka ganin fuskarta. Da mai ita ya yi sallama ya shigo, sai ka ce, "Ashe kai ne!"

Wannan misali ba ni na ƙaga shi ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 10, da wasiƙa zuwa ga Kolosiyawa, sura 2, sun kira shari'ar Musa da idodinta inuwa, suka nuna Almasihu shi ne mai inuwar. Allah ya riƙa aiko da alamu ɗaruruwan shekaru kafin Yesu ya zo, don in ya zo a gane shi. Bari mu duba guda uku.

Ta fari tana cikin Farawa, sura 22. Allah ya gwada Ibrahim, ya ce ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya a ƙasar Moriya. Suka yi tafiya, a rana ta uku suka hango wurin. Ishaku ne ya ɗauki itacen hadayar ya hau dutsen da shi. A hanya ya tambayi mahaifinsa ina ɗan ragon, Ibrahim ya amsa masa cewa Allah ne zai tanada. Da Ibrahim ya ɗaga wuƙa, mala'ika ya hana shi. Ya waiga, sai ga rago ƙahoninsa sun sarƙe a kurmi. Ragon ya mutu a madadin yaron. Maƙwabtanmu Musulmi suna tunawa da biyayyar Ibrahim kowace Sallar Layya, ko da yake su Isma'ila suke ambata. Yanzu ka buɗe Yahaya, sura 19. Za ka ga wani Ɗa ya ɗauki itacen da za a kashe shi a kai, wato gicciye, ya fita da shi bayan birnin Urushalima. Wannan karon ba a kawo rago a madadinsa ba, domin shi ne wanda Allah ya tanada a madadinmu.

Ta biyu tana cikin Fitowa, sura 12. Isra'ilawa suna bauta a Masar, Fir'auna ya ƙi sakinsu. A daren ƙarshe Allah ya umarci kowane gida ya yanka ɗan rago namiji, bana ɗaya, marar aibi, a shafa jininsa a dogaran ƙofa da bisa ƙofa. Gidan da ke da jinin, mutuwa ta ƙetare shi. Aka kuma hana su karya ƙashin ragon. Daga nan aka sami Idin Ƙetarewa. Ka koma Yahaya, sura 1. Da Yahaya Maibaftisma ya ga Yesu, sai ya kira shi Ɗan Rago na Allah. Wanda bai san Fitowa ba zai yi mamaki, yaya za a kira babban mutum ɗan rago? Amma wanda ya san ta, nan da nan ya gane. A lokacin Idin Ƙetarewa aka gicciye Yesu. Sojoji suka karya ƙafafun mutum biyu da aka gicciye tare da shi, shi kuwa ba su karya nasa ba.

Ta uku tana cikin Littafin Ƙidaya, sura 21. Mutane sun yi gunaguni a jeji, macizai masu dafi suka shiga cikinsu, da yawa suka mutu. Kai da ka taɓa ganin wanda kububuwa ta sara a gona, ka san irin wannan tashin hankali. Allah ya ce wa Musa ya ƙera maciji na tagulla ya ɗaga shi bisa sanda. Duk wanda aka sara, in ya ɗaga ido ya dube shi, sai ya rayu. Ba kuɗi, ba sassaƙe, ba tafiya wajen boka. A Yahaya, sura 3, Yesu da bakinsa ya ce haka shi ma za a ɗaga shi, don mai gaskatawa da shi ya sami rai.

Ka ga amfanin abin? Ranar da shakka ta zo maka, ko wani ya ce maka mutuwar Yesu tsautsayi ce ta faɗa masa, kana da amsa a zuciyarka. Abin da aka yi ta nuna alamarsa tun zamanin Ibrahim da Musa, shiri ne na Allah. Yesu ma da wannan ya ƙarfafa almajiransa. A Luka, sura 24, mutum biyu suna tafiya zuwa ƙauyen Imuwasu, wajen kilomita 11 daga Urushalima, zuciyarsu ta karye don Ubangijinsu ya mutu. Yesu da ya tashi daga matattu ya tarar da su a hanya, ba su gane shi ba. Me ya yi musu? Ya fara daga littattafan Musa, ya bi ta annabawa, yana nuna musu abin da aka rubuta a kansa. Da Tsohon Alkawari ya warkar da karayar zuciyarsu.

Me ya sa kullum?

Wani kuma zai ce: "To, na ji. Amma ai fasto shina karanta muna ran Lahadi. Wannan bai isa ba?" Ni kuwa sai in tambaye shi: tuwon ran Lahadi yana kai ka Asabar?

Akwai inuwa ta huɗu da ta amsa wannan tambaya. Tana cikin Fitowa, sura 16. Da Isra'ilawa suka shiga jeji, guzuri ya ƙare. Allah ya riƙa sauko musu da abinci kowace safiya, wani abu fari, ƙanana, kwance a ƙasa bayan raɓa ta ɗauke. Suka sa masa suna manna. Kowane mutum yana da awonsa na yini, kamar yadda muke awon hatsi da tiya. Da rana ta yi zafi, abin da ba a tsince ba sai ya narke. Musa ya ce kada kowa ya bar saura ya kwana. Waɗansu ba su ji ba, suka ɓoye. Da gari ya waye, ya yi tsutsa, yana wari. Ran jajiberen Asabar kaɗai aka yarda su tara na kwana biyu, don su huta. Haka suka rayu shekara 40.

Allah yana da ikon cika musu rumbu sau ɗaya a shekara, amma bai yi haka ba. Ya so su fita kowace safiya su miƙa hannu gare shi. A Yahaya, sura 6, Yesu ya tuna wa mutane labarin manna, ya ce shi ne abinci na gaskiya da ya sauko daga sama. To, in inuwar kullum ake fita nemanta, mai inuwar fa? A ina za ka ji muryarsa kullum in ba cikin Maganarsa ba?

Ka duba kuma yadda Yesu ya yi da aka gwada shi. A Matiyu, sura 4, ya yi kwana 40 a jeji bai ci kome ba. Shaiɗan ya zo masa da jarraba uku. Duka ukun, da ayoyin Maimaitawar Shari'a ya amsa masa. Amsar farko ma daga wurin da Musa ke tuna wa jama'a labarin manna ya ɗauko ta, inda ya koya musu cewa rayuwar mutum ta wuce abin da ke shiga ciki, tana rataye ga maganar Allah. A jejin nan ba littafi a hannun Yesu. Abin da ke zuciyarsa da shi ya yi yaƙi. In Ubangijinmu ya riƙe ayoyi haka, mu fa?

Mu ma mun ga ranar gwaji a ƙasarmu. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka, littattafai suka zama toka. Musulmi da yawa sun yi tir da abin, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, shi ma ya yi tir da shi. A irin wannan rana, abin da ka karanta jiya da shekaranjiya shi ne zai faɗa maka yadda za ka yi. Wanda ya san labarin Yusufu, yadda ƴan'uwansa suka sayar da shi, daga baya ya yafe musu ya ciyar da su a shekarun yunwa, wanda kuma ya san Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, ba zai ɗauki sanda don ramuwa ba. Ba kuwa zai gudu ya bar Ubangijinsa ba. Wuta tana cin takarda, amma ba ta kai ga ayar da ka haddace.

Dutse ɗaya ɗaya

Kada ka raina aya biyar. Mutanen Keita sun san abin da kaɗan kaɗan ke yi. Bayan farin 1984 ƙasa ta zama fako, ruwan sama in ya zo sai ya kwashe ƙasa ya wuce. A shekarar nan aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da taimakon Italiya da hukumar FAO. Yawancin masu aikin mata ne. Suka riƙa ɗauko duwatsu a ka, suna jerawa a kan tudu da gangare, suna haƙa ramuka, suna dasa itatuwa. Dutse ɗaya ba ya tare ruwa. Amma da jeri ya yi tsawo, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, fako ya koma gona.

Haka kuma a kwarin Majiya, ƙasar Buza. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da talakawa suka fara dasa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, layi biyu biyu, don tare iska. Ranar da aka dasa su, ɗan akuya ma yana iya cinye ɗaya. Sai da aka yi shekaru ana tsaro kafin su zama katangar da ke kare hatsi. Wanda ya jira sai iska ta taso sa'an nan ya fara dashe, ya makara. Karatun Littafi ma haka yake. Yau za ka karanta ka ga kamar ba ka ƙaru da kome ba. Ka ci gaba dai. Ranar iska za ka ga amfaninsa.

Uzurorin da muka saba

"Ba ni da lokaci." Gaskiya ne aiki ya yi yawa, musamman da damina, ko lokacin ban ruwan albasa a fadama. Amma aya biyar ba ta kai tsawon dahuwar shayi ɗaya ba. Kai da ke zaman shayi har zuba uku, ba za ka rasa wannan ba. Ke kuma ƴar'uwa, ki zaɓi lokacin da ya fi miki sauƙi, ko da asuba kafin ki ɗauki guga, ko da dare bayan yara sun kwanta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin ya zama ɗaya kullum, har jiki ya saba.

"Karatuna bai nuna ba." Ai da karatu karatu ke nuna. Ka sa yatsa a ƙarƙashin kalma, ka karanta da ƙarfi, kunnenka ya ji. In ka yi tuntuɓe, ka koma farkon ayar. Ba mai yi maka dariya. Sannu ba ta hana zuwa. Yanzu akwai masu sauraron Littafi Mai Tsarki a wayar salula, abu ne mai kyau ƙwarai, musamman ga tsofaffi da makafi. Amma kai da ka sha wahalar koyon baƙaƙe, ka saurara kana bin rubutun da ido, kada karatunka ya gudu.

"Ba ni ganewa." Ba kai ne na fari ba. A Ayyukan Manzanni, sura 8, akwai wani babban mutum, ma'ajin sarauniyar Habasha. Yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya, sura 53, inda aka yi maganar wani bawan Allah da aka kai shi kamar tunkiya wurin yanka. Bai gane ko wane ne ba, bai kuwa ji kunyar faɗa ba. Filibus ya hau ya zauna kusa da shi, ya nuna masa Yesu ne ake nufi. Ka ga, mai kuɗi ne, mai ilimi, amma ya nemi taimako. Kai ma ka sami ɗan littafin rubutu. Abin da ya shige maka duhu ka rubuta sura da aya, ran Lahadi ka tambayi fasto ko mai bishara ko wani dattijon ikkilisiya.

Gargaɗi biyu

Na fari, Littafi Mai Tsarki ba laya ba ne. Sa shi ƙarƙashin matashin kai ba ya korar kome. Rufe ido a buɗe shi a dangwala yatsa don a ga abin da gobe za ta kawo, wannan duba ne, ba karatu ba. Ka karanta shi bi da bi, ka san abin da ya zo kafin ayar da abin da ya biyo bayanta.

Na biyu, kada ka ƙaga inuwa inda babu. Ba kowane itace a Tsohon Alkawari ne gicciye ba, ba kowane jan abu ne jinin Yesu ba. Ka fara da waɗanda Sabon Alkawari da kansa ya nuna, irin waɗanda muka duba. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, an yabe su don suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In an auna maganar manzo Bulus da Littafi, to, maganata da ta kowane mai wa'azi ma a auna ta.

Ga inda za ka fara

Ka ɗauki mako biyu, ka karanta waɗannan biyu biyu. Yau inuwa, gobe mai inuwa.

Farawa 22, aya 1 zuwa 14, sai Yahaya 19, aya 16 zuwa 18.
Fitowa 12, aya 1 zuwa 13, sai Yahaya 1, aya 29 zuwa 36.
Fitowa 16, aya 13 zuwa 21, sai Yahaya 6, aya 30 zuwa 35.
Littafin Ƙidaya 21, aya 4 zuwa 9, sai Yahaya 3, aya 14 zuwa 16.
Yunusa, sura 1 da 2, sai Matiyu 12, aya 38 zuwa 41.
Ishaya, sura 53, sai Ayyukan Manzanni 8, aya 26 zuwa 39.

Kwana 12 ke nan, ranakun Lahadi biyu kuwa na sujada ne. Bayan haka ka kama Markus, shi ne gajere cikin bishara huɗu, sura 16 ce kawai. Daga nan Farawa, sura 50, labarai ne masu daɗin bi. Sai Luka, sai Fitowa. Jerin sunaye da dokokin hadaya kada su tsoratar da kai, lokacinsu zai zo. In karatunka ya yi ƙarfi, ga wani lissafi: sura ɗaya a yini, kwana 5 a mako, cikin mako 52 ka gama surori 260 na Sabon Alkawari daidai. Sauran kwana biyu na mako ka ba Tsohon Alkawari da Zabura.

Kafin ka buɗe, ka roƙi Allah ya ba ka ganewa. Bayan ka rufe, ka riƙe aya ɗaya, ka tafi da ita gona ko kasuwa ko bakin rijiya. Da dare ka karanta wa iyalinka, har da tsohuwar da ba ta shiga aji ba. In ka tsallake kwana ɗaya ko uku, kada ka ce shi ke nan na ɓata. Gari ya waye, akwai sabuwar manna a ƙasa, ka fita ka tsinta.

Kai kuma mai shirin cin rani bana, in kana ɗaure kaya, ka naɗe littafinka cikin leda ka sa shi tare da katin shaidarka. Kada ka bar wa gara.

Allah ya buɗe mana ido, ya riƙe mu har ƙarshe. Amin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Littattafai nawa ne a Tsohon Alkawari, nawa ne a Sabo?
2. Me ya faru da mannar da aka bari ta kwana?
3. A cikin inuwoyin da aka ambata, wacce ta fi taɓa zuciyarka? Don me?
4. Wane lokaci ne na yini za ka keɓe don karatu? Ka rubuta shi a littafinka, ka nuna wa na kusa da kai.